Cin Zali A Tsakanin Yara: Aikin Da Littafi Mai Hotuna Zai Iya Yi

Sa'ad da nake aji uku na firamare akwai wani yaro a ajinmu da makero ya cinye masa kai, tabo-tabo fari fat kamar an barbaɗa toka. Uwarsa ta ɗinka masa 'yar hula don ya riƙa rufewa. Ranar da malam ya kawo mana taswirar Nijeriya ya rataye a jikin allo, sai wani daga bayan aji ya ce ai mu muna da tamu taswirar a kan wane. Aji ya fashe da dariya, daga ranar kuwa sunansa ya koma Taswira. Da an tashi tara sai yara uku su tare shi, su fizge hular su yi ta jifa da ita a tsakaninsu, shi kuma yana bin wannan yana bin wancan, hannu ɗaya a ka. Ni ban taɓa fizgar hular nan ba, ban kuma taɓa dukansa ba. Ina dai tsaye a gindin darbejiya tare da sauran yara, muna cin rogo da ƙuli muna dariya. Bayan hutun ƙarshen shekara bai komo ba. Yau ga furfura a kaina, amma in an ce in faɗi sunansa na gaskiya ba zan iya ba, sunan ba'ar ne kaɗai ya zauna mini.

Abin da ya tono mini wannan tsohon labari abu biyu ne: wasu 'yan littattafan yara masu hotuna da suka shigo hannuna, da kuma halin da 'yan makaranta suka shiga a Jihar Zamfara. Masu karatu ba su manta da shekarar 2021 ba. Ran 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata daga makarantar kwana ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 ran 2 ga Maris. A watan Agusta suka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba suka ɗebi ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar, yara suka yi watanni a gida. Wannan duk an ji shi a rediyo.

Akwai kuma abin da rediyo bai faɗa ba. Iyalai da yawa sun baro ƙauyukansu sun dawo manyan garuruwa irin su Mafara da Anka da Gusau, 'ya'yansu kuma suka shiga makarantun da ba su san kowa ba. Sai ka ga yaro ɗan shekara 12 a aji biyu, domin ya yi shekaru ba ya zuwa makaranta, ya fi kowa tsawo amma bai iya haɗa baƙi ba, ba shi da kayan makaranta, silifa ɗinsa an ɗaure da waya, maganarsa ta ƙauye. Ga yaron Bafillace wanda bai taɓa riƙe ko gwafa ba, amma 'yan ajinsu na kiransa ɗan bindiga. Ga yarinyar da aka taɓa sacewa ta dawo, da ta shigo sai a fara raɗa. Duk malamin da ke koyarwa a Garbadu ko Morai ko cikin garin Mafara ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan irin waɗannan yara. Sun tsere wa bindiga a daji, sun zo sun tarar da baki a aji.

Wani zai ce ai tsokana gadonmu ce, yaro da yaro sai wasa. Gaskiya ne muna da wasa, har ma mun fi mutane da yawa iya shi. Akwai wasan taubasai, akwai na jika da kaka, ga na Fulani da Barebari, ga na Kanawa da Zagezagi, ga na Gobirawa da Yarabawa. Amma a dubi yadda ake yin waɗannan: wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, kuma a ƙarshe su biyun ne ke dariya. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Dan Olweus, wanda ya yi yawancin aikinsa a Norwe tun daga shekarun 1970, shi ne ya fara zama ya bi diddigin wannan al'amari a makarantu, ya kuma ba da alamu uku na gane cin zali. Ana yinsa da niyyar a ɓata wa yaro rai ko a ji masa ciwo, ana maimaita shi yau da gobe, sa'an nan ƙarfi bai zo ɗaya ba, ko na jiki, ko na yawa, ko na gata. In abubuwa ukun nan suka haɗu, to, ya tashi daga wasa, ko da duk ajin na dariya. Mutanen Norwe ma ba su ɗauki maganarsa da nauyi ba sai a 1982, da yara maza uku suka kashe kansu saboda tsangwamar 'yan makarantarsu. A 1983 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da yaƙi da abin a dukan makarantu.

A 2019 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto a kan makarantun duniya, inda ta ce ɗalibi ɗaya cikin kowane uku, wato kashi 32 cikin 100, ya ce an ci zalinsa a makaranta aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayar. A ƙasashen Afirka na kudu da Sahara abin ya kai kashi 48. Babban dalilin da yara suka fi ambata kuwa shi ne kamannin jikinsu. Makero ke nan, da shanyayyar ƙafa, da harara-garke, da zabiya.

To, amma binciken da ya fi taɓa ni shi ne wanda aka yi a Kanada aka buga a 2001. Masu binciken sun kafa na'urar ɗaukar hoto a filayen wasa na makarantun firamare a birnin Toronto, suka zauna suna kallon abin da yara ke yi in ba babba a kusa. Suka tarar a kashi 88 cikin 100 na lokutan da ake cin zalin wani, akwai waɗansu yara a wurin suna kallo. A kashi 19 kawai wani ya sa baki. Amma a inda aka sa bakin, fiye da rabin lokuta, wato kashi 57, abin ya tsaya cikin daƙiƙa goma. Ashe mai cin zali ɗan wasan kwaikwayo ne, 'yan kallo yake nema. Da mu da ke gindin darbejiya mun daina dariya, da hular nan ta zauna a kan mai ita. A kan wannan fahimta ƙasar Finlan ta gina shirinta mai suna KiVa, wanda aka tsara a Jami'ar Turku aka kuma baza shi a makarantun ƙasar daga 2009. Shirin bai tsaya kan yi wa azzalumi faɗa da rarrashin wanda aka zalunta ba, ya mai da hankali kan sauran ajin.

Nan ne littafi mai hotuna ya shigo. Na lura littattafan da suka fi kyau a wannan fanni duk da bakin ɗan kallo aka ba da labarinsu.

Na farko, wanda kuma na fi so, sunansa Crow Boy, wato yaron hankaka. Wani mai zane ɗan Japan da ya koma Amurka da zama, Taro Yashima, shi ya rubuta ya kuma zana shi a 1955. Labarin wata makarantar ƙauye ce a Japan, amma in ka sauya tufafin mutanen sai ka rantse ƙasar Bakura ce. Ranar farko ta makaranta aka nemi wani ɗan ƙaramin yaro aka rasa, can aka same shi ya ɓuya a ƙarƙashin ginin. Tsoron malam yake ji, tsoron yara yake ji, ba ya gane karatu. Aka laƙaba masa suna mai nufin ɗan tsurut, ana ce masa daƙiƙi. Kullum abincinsa ɗaya, dunƙulen shinkafa a naɗe cikin ganye. In ana ruwa sai ya zo da rigar ruwa ta busasshiyar ciyawa. Shekara biyar yana zaune shi kaɗai a ƙarshen aji yana kallon rufi da ƙwari. A shekara ta shida aka kawo sabon malami, wanda yakan fita da yara bayan gari, a nan ya gane cewa yaron nan ya san inda kowane ɗan itacen daji yake, ya san tsirrai fiye da kowa. Malam ya riƙa zama da shi suna hira in ba kowa. Ranar bikin ƙarshen shekara sai ga yaron a kan dandamali, mutane na cewa me wannan zai yi. Ya fara kwaikwayon kukan hankaki: na ɗan da aka ƙyanƙyashe, na uwa, na uba, kukan asuba, kukan da suke yi in masifa ta auku a gari, daga ƙarshe kukan hankakin da ke kan wani tsohon itace can kan dutse inda gidansu yake. Sai malam ya bayyana wa jama'a yadda ya koyi wannan: shekara shida yana barin gida da asuba, yana komawa da faɗuwar rana, a ƙasa. Shi kaɗai ne a ajin bai taɓa fashi ba ko kwana ɗaya. 'Yan ajin suka yi kuka, manya ma suka share hawaye. Bayan sun gama makaranta yakan shigo gari sayar da gawayi, ba mai ƙara kiransa da tsohon suna.

Abin lura, mai ba da labarin nan da bakin 'yan ajin yake magana, mu muka yi, mu muka ce. Yaron da ake karanta wa ba ya samun wurin ɓuya, yana cikin ajin. Kuma malamin bai yi wa kowa bulala ba, bai yi dogon wa'azi ba, ya dai nemo abin da yaron ya iya ya ajiye shi a gaban jama'a. Yaranmu da suka baro ƙauye ma ba hannu wofi suka zo ba. Sun san sunayen itatuwa da ɗan birni bai taɓa ji ba, sun iya ɗana tarko, sun iya gane hadarin da zai ba da ruwa da wanda zai watse. Ga shi kuma mu a nan kirarin hankaka shi ne mai da ɗan wani naka, wanda ko da gatse ake yinsa, ya dace da malamin nan.

Na biyu shi ne Each Kindness, na Jacqueline Woodson, Ba'amurkiya baƙar fata, wanda E. B. Lewis ya yi wa zane, ya fito a 2012. Wata baƙuwar yarinya, Maya, ta shigo aji a tsakiyar sanyi da tsofaffin kaya. Aka zaunar da ita kusa da Chloe, mai ba da labarin. Ta yi mata murmushi, Chloe ta kau da kai. Kullum takan zo da ɗan abin wasanta ta ce a yi tare, a ƙi. Aka sa mata suna mai nufin ba ta taɓa sa sabon kaya ba, da a nan ne sai a ce 'yar gwanjo. Rannan aka ga kujerarta ba kowa. Malamar ajin ta kawo kwano da ruwa, ta jefa tsakuwa, ta nuna wa yara yadda ruwan ke yin zobe yana faɗaɗa, ta ce haka alheri yake. Kowane yaro ya karɓi tsakuwar ya faɗi wani kirki da ya yi, ya jefa. Da ta zo kan Chloe ta rasa abin faɗi, ta miƙa wa na gaba. Ta ƙudura in Maya ta dawo za ta mayar mata da murmushin nan. Maya ba ta dawo ba, iyayenta sun ƙaura. A nan littafin ya ƙare.

Wasu iyaye ba sa son wannan ƙarshe, suna cewa ya yi wa yara nauyi. Ni kuwa ina gani shi ne gaskiyar littafin, musamman a inda mutane ke zaman jiran tashi. Ɗan gudun hijira yau yana Mafara, jibi an ce sun wuce Gusau ko Sakkwato wurin dangi. Tun a 1944 ma Eleanor Estes ta bi irin wannan hanya a littafinta The Hundred Dresses, labarin wata 'yar talakawa 'yan asalin Polan mai riga ɗaya tak, da wata 'yar ajinsu wadda ba ta son ba'ar da ake yi mata amma ta yi shiru, domin ita ma kwancen ƙawarta take sawa, tana tsoron kada a juyo kanta. Wannan tsoro shi ne ke rufe bakin yawancin 'yan kallo, kuma yaro ba zai faɗa maka shi ba sai ya gan shi a jikin wani.

Ba cewa nake ba mu da namu labaran ba. Muna da tatsuniyoyi jibgi a kan marayu da 'ya'yan bora, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ma ya tattara da dama a jerin littattafansa shida na Tatsuniyoyi da Wasanni tun 1971. Ɗauki tatsuniyar Ruwan Bagaja, ba littafin Abubakar Imam ba, ita tatsuniyar da kakanni ke yi. An ɗora wa 'yar bora laifin da ba nata ba, aka tura ta wankin kirgi a ruwa mai nisa, ta yi ladabi ga duk abin da ta tarar a hanya, ta komo bisa doki da dukiya. 'Yar mowa ta tafi da rashin kunya, ta komo bisa jaki, kutare da makafi na biye da ita. Tatsuniya ce mai daɗi, tana koya ladabi da haƙuri. Amma a lura da abu biyu. Ba wanda ya buɗe baki a gidan nan ya ce wannan zalunci ne, sai da abin al'ajabi ya zo ya yi sakayya. Sa'an nan kuturu da makaho su ne aka mayar abin horo da abin dariya. Mu da kakannin waɗansunmu suka yi jinya a Amanawa ta Sakkwato da Babbar Ruga ta Katsina da Yadakunya ta Kano, inda mishan ta SIM ta riƙe asibitocin kutare tun wajen ƙarshen shekarun 1930, mun san zafin a ce maka ɗan kuturu. Ba a ce a daina tatsuniyar ba, amma mai yinta ya tsaya a nan ya tambayi yara, su kutaren nan me suka yi?

Haka ma a Makarantar Lahadi. Kullum mukan ba da labarin Yusufu daga gefen Yusufu, mu bi shi har ya zama babba a Masar. A gwada ba da shi wata rana daga gefen Ra'ubainu, babban wansu, wanda bai yarda a kashe yaron ba, amma maimakon ya tsaya ya hana, sai ya ce a jefa shi rami da nufin ya zagayo daga baya ya fid da shi a ɓoye. Da ya zagayo, ramin ba kowa. Yana nan a Farawa sura 37, kuma ɗan shekara bakwai zai gane shi sarai. Kada kuma mu ɗauka 'ya'yanmu kullum su ne ake zalunta. Gaskiya ne a wurare da dama sukan sha gori saboda sunansu ko addininsu, su dawo gida da kuka. Amma a saurari abin da su ma suke ce wa almajirin da ya zo ƙofar gida, ko 'yar tallar nono. Ba su suka ƙago kalmomin nan ba, a tsakar gida suka tsince su.

Ina za a sami littattafan? Waɗanda na ambata da Turanci suke, ba kuma a kowane kantin littattafai ake samunsu ba. Wanda ya samu yana iya riƙe littafin yana nuna hotuna yana ba da labarin da Hausa, domin rabin aikin hoton ne ke yinsa. Ta fuskar Hausa kuwa an ɗan sami ci gaba. Daga 2015 shirin RANA, wanda UNICEF ta gudanar da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ya kai littattafan koyon karatu da labaran Hausa makarantun firamare da na Islamiyya a Zamfara da Katsina, kamar yadda shirin Mu Karanta ya yi a Sakkwato da Bauchi. Manufarsu dai yaro ya iya karatu da lissafi, amma sun nuna cewa ɗan ƙauye ma yana son littafi in da harshensa ne. Akwai kuma African Storybook, wanda wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta buɗe a 2014, inda ake samun littattafan yara masu hotuna kyauta ta intanet cikin harsunan Afirka har da Hausa, an kuma yarda kowa ya sauke, ya buga, ya fassara. Matashi ɗaya mai waya a ikkilisiya ya isa ya sauko da su, a kai shagon buga takardu.

Wurin karantawar ne ake yawan ɓata abin. Kada malami ya yi saurin tambayar yara darasin da suka koya, domin za su amsa baki ɗaya kamar karatun haddar lissafi, su fita su ci gaba da abin da suke yi. A tsaya kan hoto. A tambaye su wa ke tsaye can gefe, me ya sa ya sunkuyar da kai, me kuke tsammani yake tsoro, da kai ne a nan ina za ka tsaya. Kada a kuskura a nuna wani yaro a ajin a ce kamar wane ke nan, an ƙara masa sabon suna ke nan. Kuma kada a ce wa ƙaramin yaro ya je ya tari ƙato da faɗa. Sa baki iri-iri ne: ƙin yin dariya, matsawa a ba baƙo wuri a benci, rakiya zuwa gida, kiran malam. Yara suna bukatar a gaya musu ƙarara cewa kai ƙarar mai cin zali ba gulma ba ce. In kuwa abin ya kai ga duka, ko ƙwacen kuɗin tara, ko yaro ya fara ƙirƙiro ciwon ciki kowace safiya don kada ya je makaranta, to, ya wuce littafi, sai uba ko uwa sun taka sun ga shugaban makaranta, kuma ba da cewa je ka rama ake maganinsa ba.

Tun 2020 ake kiyaye Alhamis ta farko a watan Nuwamba a matsayin ranar yaƙi da cin zali a makarantu ta duniya. Ƙungiyar matasa ko Zumuntar Mata da ke neman abin yi kafin ranar tana iya yin nata littafin. Shafi 12 ya isa, jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi, kwali da zare da allura. Masu zane kuwa muna da su, ga masu rubuta allunan shaguna da masu yi wa manyan motoci ado a Gusau da Mafara, waɗanda in sun zana zaki sai ka ja da baya. A ba su labarin yaron da ya zo daga ƙauye da silifa ɗaurarre, a ce su zana makaranta irin tamu, da rufin kwano da tagar da ba murfi da mai tallar rogo a bakin ƙofa. A roƙe su kuma kada su cika shafin da mai dukan da wanda ake duka, su bar wuri a gefe, gindin itace, inda sauran yara ke tsaye, a zana fuskokinsu ɗaya-ɗaya yadda za a iya ƙirga su.